Gigin Tsufa Ba Gado Kaɗai Ba Ne, Da Hannun Tukunya A Ciki

A ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, idan dattijo ya fara tambayar ko ya yi Azahar alhali yanzu ya sallame, ko tsohuwa ta dinga kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun zamanin Sardauna, amsa ɗaya ce a bakin kowa: gigin tsufa ne. Wani ya ƙara da cewa ai haka mahaifinsa ma ya yi, gado ne. A wasu gidajen kuwa sai a shiga neman wanda ya yi sammu. Wannan magana ta gado nake so in ja da ita yau, domin ta sa mun naɗe hannu a inda akwai abin yi.

Ba na musun gadon. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Allen Roses, suka gano cewa wata ƙwayar halitta mai suna APOE tana da hannu a cutar mantuwa ta Alzheimer. Aikin wannan ƙwaya shi ne dakon kitse a cikin jini da ƙwaƙwalwa. Iri uku ce, kuma na ukun, wanda ake kira APOE4, shi ne mai haɗari. A tsakanin Turawa, wanda ya gaji guda ɗaya haɗarinsa kan ninka sau biyu zuwa uku, wanda ya gada ta uwa da uba kuwa ya kan ninka kusan sau goma.

To amma a nan gida Najeriya aka yi binciken da ya girgiza wannan lissafi. Daga 1992, likitocin Asibitin Koyarwa na Ibadan, irin su marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana. Suka bi tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, suka bi takwarorinsu baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis, waɗanda tushen kakanninsu Afirka ta Yamma ne, da ma'auni iri ɗaya, shekara da shekaru. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da ciwon ruɗewa, wato gigin tsufa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Ninki biyu da ɗoriya ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne APOE4 tana nan a jinin ɓangarorin biyu kusan daidai, amma a Ibadan ƙarfinta ya yi rauni ƙwarai. Masu binciken sun kalli kwanon abinci da jijiyoyin jini: tsofaffin Ibadan na cin doya, masara, wake, ganye da ɗan kifi, kitsen jininsu ƙasa yake, ciwon suga da hawan jini ba su yi musu yawa kamar na can ba. Iri ɗaya ne aka shuka a gona biyu, ƙasa ce ta bambanta amfanin.

Wannan shi ya kawo mu kan tukunyarmu. Idan aka cire ruwa, fiye da rabin ƙwaƙwalwa kitse ne, saboda haka ba kowane mai ne abokin gaba ba. Man gyaɗa, riɗi da agushi suna da irin man da ba ya daskarewa, wanda ke sauƙaƙa wa jijiyoyi. Kifi yana da wani mai da ake kira omega-3, wanda da shi ake gina bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kifin teku, irin na ƙanƙara da sadin na gwangwani, ya fi yawansa, amma tarwaɗa da karfasa na kogin Zamfara ma ba a rasa shi a jikinsu. Waken suya yana da ɗan'uwansa. Man shanu, manja da kitsen nama kuwa masu daskarewa ne, kaɗan ya isa.

Abin da ya fi damuna ba man shanu ba ne, domin talaka yau ina ya gan shi? Kaskon suya ne. Mai karatu, ka tsaya gaban mai awara ko ƙosai ranar kasuwa ka duba. Man ya yi baƙi, yana kumfa, hayaƙinsa na yaji a ido. Ba a zubar da na jiya, sai dai a ƙara sabo a kai, domin kwalbar mai ta yi tsadar da baiwar Allah ba za ta iya asararsa ba. Ban ga laifinta ba. Amma man da aka ƙona aka sake ƙonawa yana lalacewa, yana haifar da abubuwan da ke ɓata jijiyoyin jini, kuma abin da ya ɓata jijiyar zuciya ya ɓata ta ƙwaƙwalwa. Hukumar NAFDAC ta yi doka a 2022 da ta hana gurɓataccen kitsen masana'anta wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Doka ce mai kyau, sai dai man da ake aunawa daga jarka marar suna a kasuwar Adabka wa yake duba shi?

Sannan ga rabon miya. Ko an samu ɗan banda an jefa, na maigida ne da baƙi. Tsohuwa da ba ta da haƙora sai a zuba mata romon kuka a kan tuwon dawa, a ce ai ba ta iya tauna ba. Dakan busasshen kifi a turmi, a barbaɗa mata a miya, bai fi ƙarfin kowace suruka ba. Haka kunun gyaɗa, haka zogale da ƙuliƙuli.

Kada wani ya ce mafita ita ce ƙwayoyin man kifi da 'yan talla ke yawo da su da lasifika. Manyan gwaje-gwajen da aka yi wa tsofaffi ba su nuna cewa haɗiyar su na hana mantuwa ba. Abin da ya nuna amfani shi ne gwajin ƙasar Finlan na 2015, inda aka haɗa wa tsofaffi 1,260 gyaran abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da kula da hawan jini tsawon shekara biyu. Har masu ɗauke da APOE4 sun amfana. A 2024 kuma kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, kaɗaici da mugun kitse a jini, ya ce su ke da alhakin kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan ciwo.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin nauyi biyu. Na farko gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega. An yi wa yara magani, an kankare ƙasar gidaje, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi aikin. Amma iyayen da suka daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar a tsakar gida sun shaƙi ƙurar su ma. Dalma kan zauna a ƙashi shekaru da dama, tana tayar da hawan jini, tana taɓa tunani, kuma mutanen nan yanzu suke shiga tsufa. Na biyu rashin tsaro, wanda ya raba masunta da kogi, ya tayar da dattawa daga garuruwansu ya zube su a gudun hijira, ba majalisa, ba abokin hira.

Ina kira ga gwamnatin Zamfara da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su sa awon hawan jini da na suga kyauta ga duk wanda ya haura 50 a kowane ɗakin shan magani, su kuma koma ƙauyukan dalma su duba manya. Limamai su taimaka da faɗakarwa cewa ruɗewar tsoho ciwo ne, ba maita ba. Kai kuma da ke da tsoho a gida, ka kai shi a auna jininsa a wannan watan, ka zauna ka yi hira da shi, kuma idan kifi ya shigo gida a fara da kwanonsa.