Wasiƙa ga masu kula da sarba a Damargu



Ku da ke riƙe da kwamfutocin asibitoci, ofisoshin magajin gari da gidajen rediyon karkara daga Tanut zuwa Belbeji, aikinku ya sha bamban da na mutumin Yamai. Wuta takan ɗauke, batirin sola yakan ƙare kafin asuba, modem kuma yakan dawo da sabon adireshin IP. Damagaram na da nisan kilomita kusan 150 daga Tanut, ba wanda zai taso daga can ya tayar muku da na'ura. Dole ta tashi da kanta.

Tun 2015 Debian da Ubuntu suka koma kan systemd, shi ko bai san abin da kuka rubuta a .bashrc ba. Shi ya sa manhajar da ta yi aiki sumul a hannunku take ƙin tashi bayan an maido wuta. Layin Environment= na fayil ɗin systemd na abin da ba ya canzawa ne. Ko kun sa $(hostname -I) a ciki don gano adireshin IP, ba zai gudanar da umarnin ba, rubutun zai miƙa yadda yake. Haka nan abin da kuka yi wa export a ExecStartPre= yana mutuwa nan take, ba ya kaiwa ExecStart=.

Ga hanyar da ta fi. Ku sa ExecStartPre= ya gano adireshin, ya rubuta shi cikin fayil a /run, sannan EnvironmentFile= ya karanto shi. Ku sa ƙaramin jan layi (-) gaban sunan fayil ɗin, domin /run yana shafewa duk lokacin da aka kunna na'ura. Ku haɗa da Wants= da After=network-online.target, kada manhaja ta riga intanet tashi. In adireshi ya canza tana cikin aiki, sai an sake tayar da ita za ta gani.

Kalmar sirri kuwa, kada ta shiga Environment=, don systemctl show zai nuna ta ga duk mai asusu a na'urar. Ku yi amfani da LoadCredential=, yana nan tun 2020.

Gyara ku yi shi da systemctl edit, don sabunta manhaja kada ya share wahalarku. Kafin ku bar ofis, ku kashe na'urar ɗungurungum, ku kunna, ku naɗe hannu ku gani. In ba ta tashi ita kaɗai ba, aiki bai ƙare ba.