Haƙƙin Jigawar Bakin Kogi

Duk wanda ya tsaya a bakin kogi a ƙasar Birnin Kudu ko ta Gwaram, ya duba da kyau, zai ga ƙasa ta yi hawa uku kamar matakala. Can ƙasa ga cikin kogi, inda yashi ya ke kwance da rani. Bisansa kaɗan ga fadama, baƙar ƙasa mai laka, wadda ruwa kan hau da damina. Bisa fadama kuma sai wani shimfiɗaɗɗen tudu na rairayi, wanda ambaliya ba ta kai masa sai shekarar da ruwa ya yi yawa ƙwarai. Wannan hawa na uku shi mu ke kira jigawar bakin kogi, a kansa kuwa za mu yi magana. Abin da mu ke gani shi ne, cikin ƙasashen da mu ke nomawa babu wadda ta kai ta sauƙin aiki, babu kuma wadda ta kai ta saurin mutuwa. Na farin kowa ya san shi, na biyun ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Mu fara da asalinta. Kogi ne ya haife ta. Kogin Bunga ya taso daga tsaunukan wajen Jos, ya ratsa ƙasar Gwaram, a gaba a ke ce da shi kogin Jama'are, har ya gamu da na Haɗeja su nufi tafkin Cadi. Shi da ƙananan kogunan da ke zuba cikinsa, tun zamanin da ba wanda ya sani su ke niƙa duwatsu suna ɗauko garinsu. A da ruwa ya kan bi ta sama da inda ya ke bi yanzu, ya zubar da rairayi a nan, sa'an nan ya haƙa ya sauka ƙasa, ya bar tsohon makwancinsa ya zama tudu. Watau abin da ruwa ya yi dubban shekaru yana tarawa ke nan, ba kuwa zai sāke tara mana wani ba a zamaninmu ko na jikokinmu.

Halinta kuwa a girman ƙwayarta ya ke. Masana ƙasa sun auna, ƙwayar rairayi ta kan kai daga kashi ɗaya cikin 20 na milimita har milimita 2, ta laka kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin 500 na milimita ba. Saboda haka tsakanin ƙwayoyin rairayi akwai ƙofofi manya, ruwa ya kan bi ya wuce kamar an zuba shi cikin rariya. In ka ɗebi jiƙaƙƙen rairayi ka dunƙula, da ka buɗe hannu sai ya warwatse, laka kuwa sai ta mulmulu kamar fura. Zurfin ƙafa guda na rairayi ba ya riƙe wa shuka ruwan da ya wuce inci 1, amma ƙasar da ta gauraya da laka da ruɓaɓɓen taki ta kan riƙe kusan inci 2.

Daga nan alherinta ya fito. Ruwan fari ya isa a yi shuka a cikinta, tun fako bai jiƙa ba. Fartanya da garma suna shigarta ba wahala, har yaro ya iya yin huɗa. Ruwa ba ya kwanciya ya ruɓar da saiwa. Gero, wanda ke nuna cikin kamar wata uku, a nan ya fi jin daɗi. Gyaɗa na son ta domin ƙwanso ya sami wurin kumbura, kuma ran cira ba a bar rabi cikin ƙasa ba. Haka wake da riɗi da yakuwa da gurjiya da rogo da dankali da kankana. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, irin wannan ƙasa mai rairayi ita ta ɗauki nauyin dalar gyaɗa. Ko Jihar da aka yanka daga Kano cikin 1991, da sunan ƙasar nan aka raɗa mata suna. Har wa yau, da ya ke tana maƙwabtaka da kogi, sau da yawa ruwan ƙarƙashinta ba nisa, wanda ya sauka gefenta na ƙasa ya iya yin lambu da rani, da can da jigo, yanzu da injin ban ruwa.

Daga nan kuma cutarta ta fito. Ƙasar da ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe abinci. Takin zamani irin yuriya, in an zuba shi gaba ɗaya aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya narke ya nutse inda saiwa ba ta kai, kuɗin mutum ya bi ruwa. In ruwa ya ɗauke kwana goma sha, shukar jigawa ce ke fara naɗe ganye. Tsofaffi sun ga haka a farin 1973 da na 1984. In an bar ta tsirara da rani iska ta kwashe lallausar ƙurar da ke sama, wadda ita ce mai daɗin. In ta gaji, ƙuduji ya rufe gero. Gefenta kuma da ke fuskantar kogi, in ba saiwar da ta ɗaure shi, shekarar ambaliya irin 2012 da 2022 sai ya riƙa zaftarewa, gona ta ragu mai ita yana kallo.

To, ga inda mu ke ganin kuskure. Ana yi wa jigawa abu uku waɗanda ba ta iya ɗauka. Ana kwashe kara da harawa ƙaf, ba a mayar mata da kome. Ana sare itatuwan da ke cikinta da na gaɓa don itacen wuta da gawayi. Ana kuma bari motoci su haƙi yashi daga gindin gaɓa, har tudu ya rasa abin dogara. Kowane ɗaya cikin ukun nan cin uwar kuɗi ne, mai yi kuwa yana tsammanin riba ya ke ci.

Maganin ba sabo ba ne, iyayenmu sun san yawancinsa. Manoman kewayen Kano sun shekara ɗaruruwa suna noma gona guda kowace damina ba hutu, ba don kome ba sai don toka da shara da kashin dabbobi da su ke kai mata da jakuna a mangala. Ruɓaɓɓen taki shi ke cika ƙofofin nan na rairayi ya riƙe ruwa da abinci. Shanu ma ba baƙi ba ne a ƙasarmu, ga zanensu nan a Dutsen Habude tun zamanin da. Manomin da ya shirya da makiyayi, garke ya kwana a gonarsa bayan girbi, ya sami abin da ba a sayarwa a buhu. A haɗa gero da wake ko gyaɗa, ko a riƙa juya su, gama ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu suna jawo abinci daga iska su bar wa ƙasa. Takin zamani kuwa a raba shi biyu ko uku, a binne kaɗan-kaɗan gindin shuka, gyaɗa kuma a ba ta sufa. A bar gawo ya tsaya, shi da ke zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana ba, ga taki ya ba shi. Mutanen Maraɗi tun wajen 1983 suka koma barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi maimakon su sassabe, gonakinsu kuwa na rairayi ne kamar namu. A gaɓa kuma a dasa gamba da jema, a bar 'yan taku kaɗan ba a noma ba.

Wani ya ce, “Kai malam, maganar mai albashi ka ke yi. Talakan da ba shi da tunkiya ina zai sami taki? In mai mota ya miƙo masa kuɗin yashi ga yunwa a gida, ya ƙi?” Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma kuɗin yashi na kwana kaɗan ne, gonar da ta faɗa kogi kuwa ta tafi ke nan, magada ba su gadon rami. Wanda bai iya takin gona duka ba ya tara toka da sharar gida ya ba kashi guda bana, baɗi ya ba na gaba. Barin toho da dasa gamba kuwa ba su cin ko kwabo. Sha'anin yashi kuma bai kamata a bar shi ga mutum ɗaya da yunwarsa ba. Haƙƙin dagatai da hakimai da ƙananan hukumomi ne su nuna inda za a ɗiba a tsakiyar kogi, nesa da gaɓa da gada, su hana inda zai yi ɓarna.

Mu kuma da mu ke koyon aikin malanta, namu rabon yana nan. Yawancin yaran da za a ba mu 'ya'yan manoma ne. A sami gwangwani biyu a huda gindinsu, a cika ɗaya da rairayi zalla, ɗaya da rairayi gauraye da taki, a zuba musu ruwa daidai, yara su ga wanda ya fara tsiyayewa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, shi zai kai labari gida. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na baya ƙasa wadda ta fi wadda muka tarar.