RA'AYINMU: DOKIN HAWAN SALLAH DA DOKIN SUKUWA

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya san akwai dokin ado mai takun ƙasaita, akwai kuma na sukuwa wanda ba ya son komai sai gudu. Haka manyan babura suke a Amurka. Akwai wanda suke kira kuruza, irin ƙirar Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a birnin Milwoki a 1903. Akwai kuma babur na tsere, irin Suzuki Hayabusa na Japan, wanda ya fito a 1999 yana zarce kilomita 300 cikin awa guda. To, me zai sa mai halin sayen na biyu ya zaɓi na farko?

Dalili na farko yana ga jikin mahayi. Sirdin kuruza a ƙasa yake, ƙafa tana taka ƙasa ba wahala, mutum ya zauna a miƙe ya kai ƙafafunsa gaba. Injinsa mai silinda biyu yana ba da ƙarfi tun ba a matsa masa ba. Shi kuwa mai babur na tsere sai ya duƙa bisa tanki, nauyinsa a wuyan hannu, gwiwa a lanƙwashe. Saurayi zai jure wannan, amma ban da magidancin da baya ya fara yi wa ciwo. Ƙididdigar da ƙungiyar masana'antun babura ta Amurka ta yi a 2018 ta nuna rabin masu babur a ƙasar sun kai shekara 50, kuma kusan ɗaya cikin biyar mata ne.

Dalili na biyu shi ne zumunci. A 1983 Harley-Davidson ya kafa ƙungiyar masu baburansa, domin wanda ya sayi babur ya tarar da abokan tafiya. Taron garin Sitajis a Dakota ta Kudu, wanda aka soma a 1938, yakan tara dubban ɗaruruwan mahaya a watan Agusta. Kai, har rugugin injinsa kamfanin ya nemi a yi masa rajista a 1994, ya janye a 2000. Ashe ba ƙarfe kaɗai ake saye ba, har da suna.

Na uku shi ne rai. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta bayyana a 2007 cewa mutuwar masu hawa baburan tsere mafi gudu ta kusa ninka ta masu kuruza sau huɗu.

Ba wai muna yi wa kuruza kirari ba ne. Yana da tsada, babbansa ya wuce kilo 300, kuma wanda ya faɗo daga kansa ba hular kwano, kwalta ba za ta tambaye shi ƙirar babur ɗinsa ba. Abin da muke so a lura shi ne, mai sayen kuruza ya auna shekarunsa da ƙarfinsa da iyalin da ke jiransa kafin ya sa hannu a aljihu. Da yawa daga cikinmu za su kama albashin farko nan ba da daɗewa ba, kuma babu wanda zai hana mu sayen abin da ido ya gani ya so. Ranar nan, kowa ya tambayi kansa: don tafiya zan saya, ko don a gan ni? Iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya mana kuɗin makaranta, digiri suke jira, ba saƙon asibiti ba. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.