Kafin A Ɗora Wa Ɗalibai Laifi, A Buɗe Kwamfutar

Da kwamfuta ta daskare ko ta mutu ana tsakiyar darasi, sai a ce ɗalibai ne suka lalata ta. Mu muna ganin a fara buɗe akwatinta tukuna. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya dafa injin, sai ta kashe kanta. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙona kayan ciki. Wani lokacin RAM ne kawai ya goce daga mazauninsa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, ɗan Karfi ma ba a ɗauke masa ba. Muna roƙon malamanmu a sa sitabilaiza, a riƙa lulluɓe kwamfutocin bayan an kashe su, a kuma koya mana share ƙura. Rigakafi ya fi magani.