Idan Mota Ta Yi Kwatsa-Kwatsa: Neman Haƙƙi Bai Kore Tawakkali Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk mai bin hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwan Yauri ta nufi Koko da Jega ya saba ganin gawarwakin motoci a gefen titi. Kowace ɗaya daga cikinsu jarin wani bawan Allah ce: wani gonarsa ya sayar ya saye ta, wani da ita yake kai albasa da busasshen kifi kasuwa ya ciyar da iyalinsa. Idan tsautsayi ya faɗa, sai mu taru mu yi jaje, mu ce Allah Ya mayar da alheri, magana ta ƙare. Wanda ya ambaci diyya ko inshora kuwa sai a riƙa yi masa kallon mai raunin imani da ƙaddara. Ina ganin wannan fahimtar tana buƙatar gyara.

Imani da ƙaddara wajibi ne, kuma haƙuri ibada ne. Amma shari'ar da ta umurce mu da haƙuri ita ce ta shimfiɗa babin lamuni a fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya lalata dukiyar wani, da gangan ne ko bisa kuskure, sai ya biya. Idan abin yana da tamka, kamar mudun gero, a biya da tamkarsa. Idan kuwa ba shi da tamka daidai wa daida, kamar dabba, a biya ƙimarsa ta ranar da aka lalata shi. Motar da aka daɗe ana hawa tana cikin kashi na biyu. Wanda ya yafe ya yi falala, wanda ya nemi ƙimar motarsa kuma bai yi laifi ba.

Game da hukuncin inshora kanta, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda garari mai yawa da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda aka gina kan kyauta da haɗin kai. Akwai malaman da suka saɓa, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, amma rinjaye na tare da ra'ayin farko. Tun a 1979 aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan. A Najeriya kuma Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, daga baya kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. Ashe dai Musulmin da ke son kare motarsa ba tare da shubuha ba yana da mafita.

Sai kuma inshorar ɓangare na uku, wadda doka ta tilasta wa kowane mai mota. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar hawa, abin da take biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara matsa bincikenta a kan hanyoyi. Abin da yawancinmu ba su lura da shi ba shi ne, wannan takarda ba ta biyan mai ita komai idan motarsa ta lalace. Wanda ya buge take biya. Saboda haka idan wani ne ya murƙushe maka mota, kamfaninsa za ka nufa. Malamai da yawa sun ce babu laifi ka karɓa, domin haƙƙinka ne a wuyan wanda ya yi ɓarnar, kamfani kuwa biya yake a madadinsa. Idan ƙimar motar ta haura abin da kamfani ya biya, ragowar tana nan a wuyan mai laifin.

Babbar musiba ita ce takardar bogi. Mutum ya ce ai inshora haram ce, sai ya miƙa wa ɗan kamasho kuɗi a tasha a bugo masa takardar da zai nuna a shingen bincike. Ya gudu daga shubuha ya faɗa cikin ha'inci ƙarara, ranar da ya take shagon wani kuma babu mai biya sai gidansa. Ana iya tantance takarda da lambar mota a rumbun bayanan NIID ta intanet, kuma minti kaɗan ya isa.

Wanda yake da cikakkiyar inshora ko takaful, ga abubuwan da ke kai shi ga adalci. Na farko, ya sanar da kamfani da wuri, ya samo rahoton 'yan sanda, ya ɗauki hotuna kafin a janye motar, kada kuma ya bari bakanike ya fara kwance ta kafin mai ƙiyasta ɓarna ya gani. Na biyu, ya san yadda ake lissafi. Idan kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, sai a ce ta tashi daga aiki. Daga nan a duba ƙimarta a kasuwa dab da haɗarin, a duba adadin da aka rubuta a yarjejeniya, a biya wanda ya fi ƙanƙanta, bayan an cire kason da aka amince mai mota ne zai ɗauka. Gawar motar kan koma hannun kamfani, ko a cire kuɗinta idan mai ita yana son riƙe ta.

A nan ne mutane ke shan kashi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya yi tashin gwauron zabi. Alal misali, wanda ya rubuta motarsa a kan miliyan 3 shekarun baya, ya ci gaba da sabuntawa a haka don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ba zai karɓi fiye da miliyan 3 ba ko da irinta ta kai miliyan 7 a yau. Araha ba ta ado.

Na uku, tayin farko ba wahayi ba ne. Ka je wurin dillalai biyu ko uku a Birnin Kebbi ko Sakkwato su rubuta maka farashin irin motarka, shekararta da lafiyarta, ka haɗa da rasitan inji ko tayoyin da ka sauya. Kada ka sa hannu a takardar amincewa da biya sai ka karanta ka gamsu, domin bayan sa hannu ja da baya yana da wuya. Idan aka yi ta maka jeka-ka-dawo, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, bayan shi kuma akwai kotu.

Amma adalci kaifi biyu gare shi. Haɗa baki da bakanike a kumbura lissafi, ko ɗora tsohuwar lalacewa a kan sabon haɗari, ko ɓoye cewa yaron mota marar lasisi ne ke tuƙi, duk cin dukiyar mutane ne da ɓarna, wanda Allah Ya hana a Suratun Nisa'i. A takaful abin ya fi muni, domin asusun na 'yan uwanka mahalarta ne; abin da ka ƙara da ƙarya daga aljihun wani direba irinka ya fito. Faɗar cewa ai kamfani ne, kuɗi gare su, ba ta zama hujja ranar hisabi.

Ina kira ga shugabannin direbobi a tashoshin Yauri da Shanga da Wara da su gayyato masana takaful su yi wa mambobinsu bayani da Hausa, malamai kuma su shigar da babin lamuni cikin karatun tsakanin Magariba da Isha'i. Kai kuma ɗan uwa da ka iya karatu, ɗauko takardun motar mahaifinka ko yayanka yau ka duba: ta gaske ce? Yaushe za ta ƙare? Nawa aka rubuta? Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya mayar wa masu asara da mafi alheri. Wallahu a'alam.