Wa Ya Auna Gidanka?

Ya ku talakawan Achika da 'yan kasuwa masu kai kaya Wudil ran Juma'a, maganarmu ta wannan mako a kan takardar harajin gida da na shago ce, da wata mummunar ɗabi'a da ta kama mu. Watau a miƙo wa mutum takarda da adadin kuɗi a jiki, ya duba, cikinsa ya ɗuri ruwa, sa'an nan ya sa takalmi ya tafi neman wanda zai roƙar masa ragi. Ba ya tambayar wanda ya auna gidan, balle ya ji da wane ma'auni aka auna.

Mun san inda muka gaji wannan tsoro. A farkon zamanin Turawa an sa malaman taki su bi gonakin ƙasar Kano suna aunawa da ƙafa, abin da suka rubuta kuwa a kansa ake yanka haraji. In malami ya gajarta takunsa sai gona ta girma a littafi, alhali ko dami ɗaya bai ƙaru a rumbu ba. Manomi ba shi da bakin magana, don dagaci ke karɓa, hakimi na bisansa, En'e ke da ɗan doka da gidan yari da alkali, kuma doka ta hana lauya tsayawa a gaban alkalin. Da irin wannan NEPU ta yi ta kokawa tun kafa ta a 1950, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. En'e kanta ta kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976. To, me ya rage da za a ce magidanci mai gemu yana rawar jiki don ya ga hatimi?

Ku ji abin da doka ta ce. Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙimanta gidajen jama'a domin ɗora musu kuɗin da Majalisar Dokokin jiha ta ƙayyade. Ku lura da kalmar, ƙimantawa aka ce. Ba a ce a tsaya a bakin titi a hango kwanon rufi yana ƙyalli a rubuta abin da rai ya so ba. Kuɗin ƙasa da mai takardar mallaka ta gwamna ke biya, bisa Dokar Filaye ta 1978, wannan daban ne, na jiha ne. Saboda haka duk takardar da ta zo, tambaya ta fari ita ce, wane kuɗi ne wannan, wace doka ta sa shi, wa kuma ya aiko?

Ƙimanta gida sana'a ce da ake koyo, kamar awon hatsi. Akwai masanan ƙimar gidaje da filaye, suna da hukumar rajista da aka kafa tun 1975. Irin wannan masani zai ja igiyar awo ya san faɗin fili, ya ƙirga ɗakuna, ya duba ginin ƙasa ne ko na bulo, azara ce ko kwano, akwai ruwa da lantarki da hanyar mota ko babu, sa'an nan ya bincika nawa ake biyan haya a irin wannan gida a wannan unguwa. Nan ne ake kama ƙarya. Shagon da ke Achika, wanda ciniki ba ya motsawa a cikinsa sai da kaka, ba a auna shi da mudun Kantin Kwari. Masani ya sa hannu a rahotonsa, lauya kuma ya rubuta takardar ƙin yarda, ya nemi a nuna masa dokar da aka dogara da ita. Sai magana ta tashi daga "ranka ya daɗe a taimaka" ta koma lissafi.

Za ku ce lauya na masu kuɗi ne. Gaskiya mutum ɗaya mai shago ɗaya, kuɗin lauya na iya fin harajin. Amma ashe ba mu ne muke karo-karo a gyara masallaci ba? Ba mu ne muke zubin adashi ba? Masu shago ashirin a layi ɗaya, matsalarsu ɗaya ce, masani ɗaya ya ishe su a wuni biyu, lauya ɗaya ya rubuta musu gaba ɗaya. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ba ta iya wannan ba, sai tara kuɗin anko da tarbar baƙi, ta gaya mana amfaninta.

Sa'an nan ga 'yan tsakiya, masu cewa kawo rabi in kashe maka maganar. Ka ba shi a hannu, ba rasit, ka koma gida kana godiya. Littafi kuwa yana nan yadda yake, adadin bai ragu da ko kwabo ba, baɗi ya dawo maka da na bara a goye. Shi wannan ɗan tsakiya ba ya son ka san lauya, don jahilcinka ne jarinsa, kuma shi ne zai fara gaya maka wai ja da hukuma rashin kunya ne. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci, bai ware mai rawani daga mai tallan goro ba.

Ba mu ce kowa ya ƙi biyan abin da ke kansa ba. Wanda aka auna masa daidai ya biya, ya karɓi rasit mai lamba, ya kuma tambayi inda kwalbati da rijiyar burtsatse suke. Wanda aka yi wa aringizo kuwa kada ya jefa takardar a ƙarƙashin tabarma, don ƙin yarda yana da wa'adi, in ya wuce sai a ce ka amince. Ya rubuta ranar da ta zo hannunsa, ya haɗa ta da rasitan shekarun baya, ya kai wa shugabannin layinsu a makon nan. Takardar ƙin yarda a yi ta kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a ɗayar, a dawo da ita gida.