Layin da Ba a Riƙewa a Hannu: Guzuri Ne, Ba Masauki Ba

Tun zamanin fataucin goro, ayarin Hausawa da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja yakan ratsa ƙasar da a yau ake kira Togo, ya yada zango a wurare irin su Sansanne Mango da yankin Sokode. Madugu ya san abu biyu da ba a haɗa su: guzuri da masauki. Guzuri shi ke riƙe matafiyi a hanya, amma idan an isa gari, maigida ne ke ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa. Wannan tsohon bambanci shi ne ma'aunin da ya dace a auna sabon layin waya da ake kira eSIM da shi.

Shi eSIM layi ne da ba a sanyawa cikin waya da hannu. An gina gurbinsa a cikin wayar tun daga masana'anta, sai mutum ya sauke bayanan layin ta intanet, galibi ta hanyar ɗaukar hoton wata alama mai murabba'i. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta fitar da ƙa'idarsa ga wayoyin jama'a a 2016, kuma MTN ta fara gwada shi a Nijeriya a 2020. Daga nan kamfanoni irin su Airalo suka shiga sayar wa matafiya data ta ƙasar da za su tun kafin su ɗaura kaya.

Amfaninsa a fili yake. Ɗan kasuwar da ya baro Kano ko Maraɗi, ya ratsa Benin, ya sauka tashar motar Sokode cikin dare, ba zai tarar da shagon sayar da layi a buɗe ba. Idan ya tanadi eSIM tun daga gida, yana sauka zai aika wa iyalinsa saƙon murya cewa ya isa lafiya, ya kira mai masaukinsa na zango ta WhatsApp, ya duba taswira. Layinsa na gida kuma yana nan cikin wayar yana karɓar saƙon banki. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma a daren farko wannan layi sanda ce a hannunsa.

Sai dai masu tallarsa sukan ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Da farko, yawancin irin wannan layi na matafiya data kaɗai yake bayarwa, ba ya zuwa da lambar Togo mai farawa da +228. Ciniki kuwa a Sokode da Dapaong yana tafiya ne da kira da kuma aika kuɗi ta waya, ko ta Flooz na kamfanin Moov Africa, ko ta Mixx na kamfanin Yas, wanda kafin 2024 ake kira Togocom. Waɗannan asusu a jikin lambar ƙasar suke. Dillalin shanu ko mai sayar da hatsi da ke riƙe da ƙaramar waya ba zai nemi baƙo ta intanet ba, lamba zai tambaya. Wanda ba shi da ita ya zama kamar fatake da suka shigo gari ba su da maigida.

Na biyu, eSIM ba shi da turken sadarwa nasa. Aron turakun Yas ko na Moov yake yi. A kan babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta bi ta Sokode, Kara da Mango har Dapaong da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, duk inda sabis ya yanke wa ɗan gari, ya yanke wa mai eSIM. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin Savanes, inda Dapaong take, wanda ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun 2022. A irin wannan wuri matafiyi na bukatar lambar da direba da mai masauki za su same shi a kanta kai tsaye. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na uku, ba kowa ke iya mallakarsa ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun 'yan kasuwa da direbobi ba su da gurbin eSIM, kuma sayensa na bukatar katin banki mai biya da kuɗin waje. Data da aka saya ta wannan hanya kuma takan fi ta layin ƙasar tsada, domin akwai mai shiga tsakani da ke cin ladansa.

Wani zai ce mai kwana uku a Togo ba ya bukatar tsayawa layi da takardar shaida don rajistar sabon layi. Gaskiya ne, kuma ga irinsa, kamar ɗalibi mai ziyara ko mai halartar ɗaurin aure, eSIM ya wadatar. Amma mafi yawan Hausawan da ke bin wannan hanya masu komowa ne, kuma mai komowa lamba tabbatacciya ita ce shaidar amanarsa a kasuwa. Maganin da ya fi dacewa da su yana hannun hukumomi: ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar rage kuɗin amfani da layi a ƙetare tun 2017, Togo da Benin kuma sun fara aiki da ita a tsakaninsu a 2024. Ranar da ta game yankin, layin gida zai isa.

Kafin wannan rana, shawara ga mai tafiya Sokode ko Dapaong ita ce ya tabbatar wayarsa na karɓar eSIM, ya sauke shi tun yana gida inda intanet ke da ƙarfi, ya sayi na 'yan kwanaki kawai. Gari na wayewa, ya ɗauki fasfo ya nufi ofishin Yas ko na Moov ya yanki layin ƙasar, sannan ya shiga kasuwa.